Dariyar Ƙarshen Faifai

A unguwarmu ta arewacin Toledo, idan ka ce Norbert Zielak sai mutane su tsaya tunani. Amma ka ce Mai Koriya, har yaran da ba su taɓa ganin koriyar motar ba za su nuna maka gidansa. Motar kuwa tuni ta ruɓe a filin 'yan gwangwan, kuma ba ma tasa ba ce, ta mahaifinsa ce. Sunan ne ya ƙi mutuwa, domin yana cikin waƙa. Garin da aka sani da gilashi da hayaƙin masana'anta, sau ɗaya tak duk Amurka ta rera abin da ya fito daga cikinsa, ai dole mu riƙe shi da hannu bibbiyu, ko da kuwa riƙon yana yi wa wani ciwo.

Norb dogo ne, mai faɗin kunnuwa, mai sanyin magana. Sana'arsa akwatin waƙa, irin wanda ake jefa kuɗi a danna lamba, hannun ƙarfe ya zaro ƙaramin faifai ya ɗora. Tun yana saurayi yake zagaya mashayu da gidajen abinci da 'yar motar kamfani. Ya buɗe akwati, ya goge allura, ya cire faifan da mutane suka gaji da shi, ya sa sabo. Ba ya shan giya a bakin aiki, ba ya gardamar ƙwallo. Idan aka yi masa ba'a sai ya yi murmushi, kunnuwan su yi ja.

Waƙar kuwa ta Denny Kroll ce, wani mai dogon gashi ɗan layin coci, shi da abokansa uku. Irin waƙoƙin zamanin ce: jita biyu suna amo kamar ƙararrawa, muryoyi uku a haɗe, ganga tana gudu, kafin ka gama kofin kofi ta ƙare. Kiɗan na murna ne, ƙafa tana fara rawa kafin mai ita ya ba ta izini. Kalmomin kuwa kuka ne zalla. Saurayi ne yake jiran budurwarsa a tashar bas don su bar gari tare, ta zo ɗin, amma sai ta shiga motar wani. A wajen amshi yana cewa, "Kin shiga koriyar mota, ko waiwaye ba ki yi ba," sai kiɗa ya ɗauke cak, a ji tafi sau biyu, sannan ganga ta dawo. Babu ɗan Toledo da zai ji wannan wuri hannunsa bai motsa ba.

Abin da Norb ya sani daban ne. Wata ranar kaka a 1973, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya biyo ta gaban tashar bas a koriyar motar mahaifinsa, sai ya hango Paulette Takacs tsaye babu lema. Ya san ta sanin ido kawai, tana kai abinci a wani shago da ke kan hanyar aikinsa, kuma kowa ya san budurwar Denny ce. Ya tsaya ya tura mata ƙofa. Ta shigo tana ɗiga, fuskarta ba ruwan sama kaɗai ya jiƙa ta ba. Bas ɗin da zai kai Denny ga masu buga faifai yana fitowa daga tasha a daidai lokacin, kuma babu jakar Paulette a cikinsa, domin babu wanda ya ce ta zo da jaka. Sallamarta aka yi.

Norb bai tambaye ta komai ba. Ya kunna waifa mai share gilashi ya nufi gada, don gidan su Paulette yana ƙetaren kogi. Da suka haye ta ce ba ta son zuwa gida tukuna, sai ya yi ta zagaye da ita, ya saya mata kofi da burodi da tsiren nan na 'yan Hungary mai yaji, ta ci rabi ta miƙa masa rabi. Ya ɗauka kunyar mahaifiyarta take ji, ba ta son a ga idonta a kumbure. Bayan mako biyu ya yi ta maza ya gayyace ta cin kifin Juma'a a zauren coci. Kafin damina ta zagayo an sa musu rana.

Shi da kansa ya ɗauko kwalin faifan daga kamfani, bai san abin da ya ɗauko ba. Mashayar Stash ce ta farko a ranar. Stash ƙato ne mai ƙarar murya, wanda bakinsa bai taɓa sanin hutu ba. Norb ya sa faifan ya danna don gwaji, ya juya yana naɗe igiya. Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu ne Denny ya ce wanda ya tafi da ita ɗin kunnuwansa sun fi hularsa faɗi. Ma'aikatan gilashi da suka taso daga aikin safe suka ajiye kofuna ɗaya bayan ɗaya, suka waiwayo.

"Norb," in ji Stash, "motar tsohonka wace kala ce ma?"

Norb ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

"Jama'a, ku dubi wannan salihin. Ashe ɓarawon amare muke ba wa makullin akwatinmu. Sake sa ta, Mai Koriya, ni zan biya."

Kafin wata ya ƙare waƙar ta cika rediyon ƙasar, daga wannan teku zuwa wancan. Abin da ya biyo baya bai zo wa su biyun daidai ba. Paulette ta sha harara. 'Yan mata suna shigowa shagon abinci don kawai su ga muguwar da ta sa Denny kuka, wata ma ta ce a sauya mata mai kawo abinci. Daga ƙarshe ta ajiye aikin, ta koma kicin ɗin makarantar firamare, inda masu cin abincin ba su kai shekarun sauraren rediyo ba. Norb kuwa maza suna ta bubbuga masa kafaɗa. Mutumin da bai taɓa cin gasar komai ba, yau ana cewa ya ƙwace mace daga hannun tauraro. Ya san ƙarya ce, kuma bai taɓa buɗe baki ya ƙaryata ba. Ni dai a nan nake ganin laifinsa, ko da yake na san daɗin da abin ya yi masa bai kai ɗacin da ke ƙarƙashi ba. Shi ya san ba zaɓensa aka yi ba. Ruwa ake yi, shi kuma yana da mota.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Wata Lahadi, ba su daɗe da aure ba, Paulette tana guga a falo waƙar ta taso a rediyo. Ya miƙe zai kashe, ta ce ya bari.

"Ka ji tafin nan? Da hannuna a ciki."

"Hannunki kuma? Ta yaya?"

"Ai ba rana ɗaya ake ɗaukar waƙa ba. Kiɗan tun bazara suka ɗauka, a wani ɗaki a Detroit, ko kalma ɗaya babu a kai. Suka kwashe mu mu 'yan mata, wai mu yi tafi. Muryar daga baya ya ɗora, bayan ya tafi." Ta juya rigar ta ɗora dutsen guga. "Na yi wa zagina tafi ban sani ba."

Daga haka ta rufe maganar, shi kuma bai buɗe ba.

Washegari a bakin aiki ya manna kunnensa na dama a jikin akwati ya saurara. Kunnen mai gyara ne, yana rarrabe ƙarar allurar da ta cinye da ta faifan da ya lanƙwashe. Ya ji tafin hannaye da yawa, kuma a ciki akwai guda ɗaya mai zuwa a makare kaɗan. Ya san shi. Haka Paulette take tafi a coci idan yara sun gama wasan Kirsimeti, kullum tana bayan kowa da ƙiris. Sai kuma can a ƙarshe, inda kiɗa yake dusashewa, inda masu rediyo suke fara surutu a kai, ya ƙara murya ya ji wani abin da bai taɓa lura da shi ba. Dariyar yarinya ce, gajeriya, sakakkiya, irin ta wadda ba ta da damuwar komai a duniya.

Bai taɓa jin Paulette ta yi wannan dariyar ba.

Matarsa ba mai ɓacin rai ba ce. Tana murmushi, tana zolayarsa a kan yadda yake jera sukurori a gwangwanin kofi, idan abu ya ba ta dariya takan rufe baki da bayan hannu kafaɗunta su girgiza. Amma wannan ta cikin faifai, mai fitowa daga ƙirji, babu ita a gidansu. Sai ya sa wa ransa cewa ga Paulette ta ainihi can a ɗakin Detroit tare da Denny, wadda ya samu kuwa ragowa ce. Daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk akwatin da ya gyara, da wannan faifan yake gwada shi, idan ya zo ƙarshe ya murɗa murya ya manna kunne. Yana jin zafi, kuma ba ya iya bari. Masu mashaya suka ɗauka alfahari yake yi.

Ya gwada neman dariyar ta hanyoyin da ya iya. Ya kai ta bakin tafki, ya hau lilon nan mai juyi da ita har ya yi amai a bayan rumfar masara. Ya haddace barkwancin Stash ya kawo gida, ya ɓata shi a tsakiya. Da aka haifi 'yarsu Gwen ya tsaya bakin gado yana jira, sai Paulette ta yi kuka maimakon dariya. Duk abin kirkin da ya faru a gidan nan, kuma da yawa sun faru, sai ya auna shi da ƙarshen faifai ya ga bai kai ba.

Sau ɗaya ya yi tawaye. Ya zare faifan daga akwatin Stash ya sa wata waƙar kaboyi a madadinsa. Kafin ya isa mashaya ta gaba an bugo wa kamfani waya.

"Mai Koriya, wasa kake yi da abincina?" in ji Stash da ya dawo. "Mutum ya jefa kuɗinsa yana jiran tafi, sai ya ji wani yana kukan dokinsa ya mutu."

"Faifan ya cinye, Stash."

"To ka kawo sabo. Kai da ya kamata ka riƙa biyan Denny lada. In ba don shi ba wa ya san ka? Kunnuwan nan naka sun fi magajin gari suna."

Ya mayar da faifan. Waƙar dai ba ta tsufa ba. Denny bai sake yin wata da ta kama ƙafarta ba, ya ƙare yana rera ta a bukukuwan amfanin gona da sanƙo da tumbi, amma ita ta zauna daram. Ana jin ta a kantin sayayya, ana jin ta a ɗakin jiran likitan haƙori. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muka mayar da ita waƙar biki. Amarya da ango suna tsalle, dangi suna tafi, a kan labarin mutumin da aka guje wa. Babu mai sauraren kalmomi idan ganga tana da daɗi. Duk bikin da aka sa ta, Paulette takan ɗauki jakarta ta nufi bayi, ba ta dawowa sai an shiga wata. Norb ya bi ta da ido, ya ce a ransa har yanzu tana son Denny.

A bikin Gwen ya roƙi mai sa kiɗa tun da safe kada ya sa ta. Mutumin ya yi alkawari. Amma da la'asar, bayan an ci an sha, abokan ango suka fara buga tebur suna kiran koriyar mota, Stash yana jagora da cokali a jikin kwalba. Gwen ta dubi mahaifinta tana dariya, don ita a wurinta labarin soyayyar iyayenta ne, labarin yadda Baba ya yi nasara. Jita ta tashi. Paulette ta miƙe a cikin rigarta ta uwar amarya, wannan karon ba bayi ta nufa ba, waje ta fita.

Ya same ta a filin ajiye motoci ta jingina da bango. Ya taho mata da rigar sanyi. Daga ciki suna jiyo zauren ya ɗauke, sannan hannaye ɗari sun tafa sau biyu.

Ta karɓi rigar ta dube shi sosai. "Akwai abin da kake son tambayata, Norbert?"

Tambayar tana bakinsa tun kafin a haifi amaryar. Amma tsoro ya fi ƙarfinsa, domin muddin bai tambaya ba, ba a ba shi amsa ba.

"Sanyi ake yi," ya ce. "Kada ki yi mura."

Ta sa rigar ta koma ciki, ta bar shi tsaye. Ranar bai ga fushi a fuskarta ba, gajiya ya gani, kuma ita ta fi ba shi tsoro.

Zamani ya juya. Akwatunan faifai suka fara ƙarewa, sababbi masu madanni suka maye gurbinsu, irin waɗanda idan sun lalace ba a gyarawa sai dai a sauya. Kamfani ya sallami Norb da agogon hannu. Ya roƙi tsohon akwatin mashayar Stash, ya ajiye shi a gareji tsakanin injin yanke ciyawa da shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara. Kowace Asabar da safe, idan Paulette ta tafi kasuwa, sai ya rufe ƙofar gareji ya danna lambar.

Wata Asabar faifan ya kai ƙarshe, dariyar ba ta zo ba. Ya sake sawa. Kiɗa ya dusashe, sai shiru. Ya sauya allura. Ya ɗauko wani faifan sabo fil da ya ɓoye tun zamanin kamfani, ya kwance lasifika ya duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yana tsakiyar wannan Gwen ta shigo da kwanon da ta ara.

"Baba, me ya samu akwatin?"

"Zo ki saurari ƙarshen nan. Kina jin wani abu?"

Ta karkata kai. "Wata tana dariya. Ban taɓa lura ba." Sai ta dube shi. "Kai ba ka ji ba? Baba, sau uku na kira ka daga bakin ƙofa."

Likitan kunne ya ce na dama ya kusa tafiya gaba ɗaya, na hagu ma ya kama hanya, kuma siraran sautuka su suke fara ɓacewa. Ya tambaye shi ko ya yi aiki a masana'anta. Norb ya ce a'a. Paulette tana zaune a gefe da jakarta a cinya.

A mota bai tayar da inji ba. Ya riƙe sitiyari yana kallon bangon asibiti, sai ga hawaye. Paulette ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa. Ta zagayo da fuskarta gabansa don ya ga bakinta.

"Ai akwai na'urar sawa a kunne, Norb. Stash ma yana da ita, bai hana shi surutu ba."

"Ba zan ƙara jin ta ba."

"Wa?"

"Dariyarki. Ta ƙarshen faifan." Maganar da ya danne rabin rayuwarsa ta fito a hargitse. "Can kaɗai nake jin ta. Ni ban taɓa sa ki yi irinta ba, na gwada, ban iya ba. Na san ba ni kika so ba. Amma aƙalla ina jin yadda kike idan kina cikin farin ciki."

Ta koma ta jingina da kujera.

"Wannan ne kake yi a gareji duk Asabar? Na ɗauka waƙar kake so. Na ce a raina mijina yana jin daɗin a ce ya ƙwace mace, har ya fi son labarin a kan matar." Ta ɗaga murya don ya ji. "Ba dariyata ba ce, Norbert."

Ya juyo da kunnen hagu.

"Ƙanwar mai ganga ce, Bonnie. Wani ya yi tuntuɓe da igiya, ta fashe da dariya. Ni lokacin ina kan matakala a waje ina kuka. Tun safe muke tafin nan, hannuwana sun kumbura, Denny yana ta daka mini tsawa a gaban mutane wai ina makara, wai ko tafi ban iya ba. Daga baya ya ce in fita ina ɓata musu tef. Tafina da ya rage a faifan shi ne wanda suka kasa gogewa."

Ta juyo ta fuskance shi.

"Ka san abin da yake fitar da ni idan an sa ta? Ba Denny ba. Denny na gama da shi tun kafin in san yadda kake shan kofinka. Fuskarka ce. Da zarar jitar nan ta tashi sai ka dube ni kamar baƙuwar da ta kusa tafiya. Na haifa maka 'ya, na yi jinyar mahaifiyarka, na san wace gwiwarka ce take ciwo idan hadari ya haɗu. Kai kuma kana gareji ka ba wa Bonnie kunnenka. Har ya mutu."

Ya tayar da mota, domin hannunsa yana bukatar abin yi. Hanyar gida ta gada take bi. Suna tafe, yana jin nauyin shekarun nan duka a ƙirjinsa, shekarun da ya zauna kusa da ita yana kishin dariyar wata. Kunya ta ishe shi, da baƙin ciki, da wani tsoro sabo, cewa watakila ya tambaya a makare. Duk da haka akwai sauran tambaya guda, kuma da suka hau gada ya yi ta yana kallon titi.

"To me ya sa kika shiga motar?"

"Ruwa ake yi."

Ya gyaɗa kai. Abin da ya sani ke nan tun farko.

Sai ta ƙara wata magana, a hankali, tana kallon kogi. Tana zaune a damansa, ɓangaren mataccen kunne. Ya ga leɓenta ya motsa, ya ji amon murya, amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Norb na jiya da ya ce to, ya ci gaba da tuƙi. Da suka sauka gadar ya kunna sigina, ya gangara gefen titi gaban wani rufaffen shagon taya, ya kashe inji. Ya juya jikinsa duka har kunnen hagu ya fuskance ta.

"Ban ji ba, Paulette. Sake faɗa."

Ta dube shi, idonta ya cika.

"Na ce ruwan ya ɗauke tun muna kan gadar nan. Gidan yayata ga shi can, gida na uku. Da ruwa kawai na gudu, da a nan na sauka. Ban ce na so ka ranar ba, ranar ko kaina ba na so. Amma ka yi ta yawo da ni har yamma waifa tana kuka a busasshen gilashi, ba ka lura ba, saboda hankalinka duk yana kan kada ka faɗi abin da zai ɓata mini rai. Ban taɓa zama kusa da namijin da yake tsoron ɓata mini rai ba. Na ce bari in ga iya inda zai kai." Ta share ido da bayan hannu. "Ban san tsoron zai kai mu tsufa ba."

Ya kai hannu ya riƙe nata. Ba ta janye ba, ba ta kuma matse ba. Motoci suna wucewa ta gefensu, yana ganinsu ba ya jin su sosai.

"Akwai sauran tambayoyi," ya ce.

"To ka yi sauri," in ji ta, bakinta dab da kunnensa na hagu. "Likita ya ce wannan ma ba zai daɗe ba."